Filin Tambayoyinku: Matuƙin jirgin da aka kai makwanci bayan shekara 79

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai ɗinki ce a nan Tahoua, rediyo ne abokin hirata in ina bisa keke. Kwanakin baya na ji wani shiri da aka ce Amurkawa sun gano ƙasusuwan wani matuƙin jirgin yaƙinsu da aka harbo tun zamanin yaƙin Hitila, har aka yi masa jana'iza bayan kusan shekara tamanin. Ƙarar keke ta hana ni kama sunansa, amma na ji an ambaci Libiya da matatar mai. Wane ne shi? Kuma ta yaya ake gane ƙashin mutum bayan wannan tsawon zamani?

Abin da ya sa na damu, Malam, shi ne wan kakata ta wajen uwa, cikinsu ɗaya, Nasara sun ɗebe shi soja a farkon wannan yaƙin. Bai dawo ba, ba gawa, ba takarda. Har kakata ta koma ga Allah ba ta fasa yi masa sadakar Juma'a ba. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, wai mutumin da ya tafi zuba wa mutane wuta daga sama bai cancanci a tuna da shi ba, namu kuwa ya riga ya bi ruwa. Me ka gani?

Daga wata mai karatu, Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa sadakarta ta isa inda ta nufa.

Libiya, matatar mai, da kusan shekara tamanin: waɗannan alamu uku suna kai mu ga rana guda, Lahadi 1 ga Agusta 1943. Mutumin da labarinsa ya fi fitowa daga wannan rana a shekarun nan shi ne Laftanar Kanar Addison Baker, haifaffen Chicago da ya shiga soja daga jihar Ohayo, wanda ya mutu yana da shekara 36. An tabbatar da ƙasusuwansa a watan Afrilu na 2022, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Alintan, kusa da birnin Washinton, a watan Satumba na wannan shekarar.

A lokacin, kusan kashi ɗaya cikin uku na man da tankoki da jiragen Hitila ke sha daga ƙasar Rumaniya yake fitowa, daga matatun da suka kewaye wani gari mai suna Ploiesti, arewa da Bukarest. Amurkawa suka ƙudurta ƙona su a yini ɗaya. Jiragen da ke Ingila ba su iya kaiwa can su dawo, don haka aka tara rukuni biyar na manyan jirage masu jefa bom, samfurin B-24, a filayen da ke kewayen Bangazi. Kowane jirgi inji huɗu gare shi, mutum goma ko kusan haka a ciki: matuƙa biyu, mai duba hanya, mai sakin bom, mai rediyo, injiniya, sai masu bindigogi. Tafiyar zuwa da dawowa ta haura kilomita 3,000, kamar ki tashi daga Tahoua ki je Yamai ki dawo har sau uku, ba tare da sauka shan mai ba.

Abin da ya bambanta wannan hari da sauran shi ne tsayin da aka ce su bi. Irin waɗannan jirage an ƙera su ne su yi aiki daga can ƙololuwa, inda ake shaƙar iska ta bututu saboda ƙarancinta. A wannan karon aka umarce su su sauko daf da kan bishiyoyi, don kada na'urar hango jirage ta gan su, kuma don bom ya faɗa daidai kan tukwanen tace mai. Sun yi makonni suna gwaji a hamadar Libiya, inda aka zana musu siffar matatun a ƙasa, ƙura na cinye musu injuna.

Jirgi 178 suka ɗaga da safiyar ranar. Baker ne shugaban rukuni na 93, yana tuƙa jirgin da ke gaban rukunin. Wanda ke zaune kusa da shi, Manjo John Jerstad, saurayi ne ɗan shekara 25 da ya riga ya cika adadin fitar da aka ɗora masa, ba wanda zai tilasta shi, shi ya nemi a sa shi. Tun a hanya abubuwa suka fara kwancewa. Gajimare bisa duwatsun Albaniya ya raba ayarin gida biyu, na gaba suka ba na baya rata. Daga nan jirgin jagoran ayarin ya karya kwana tun ba a kai wurin da aka shirya ba, ya miƙe ya nufi Bukarest. Baker yana biye da shi, sai ya hango hayaƙin matatun a hagunsa, ya gane an yi ɓatan kai. Ya ware da nasa rukunin ya nufi Ploiesti kai tsaye, ta ɓangaren da Jamusawa suka fi jibge bindigogin kakkaɓo jirage. Ba barci suke yi ba. Kwamandansu, Janar Gerstenberg, ya daɗe da shiri, har cikin tarin ciyawa da taragon jirgin ƙasa an ɓoye bindigogi.

Saura kamar kilomita biyar su isa, harsashi ya samu jirgin Baker, wuta ta kama. A nan ne abin da ake tuna shi da shi ya faru. Ƙarƙashinsa gonaki ne shimfiɗe, yana iya kwantar da jirgin a kan cikinsa, wataƙila su tsira su zama fursunoni, kamar yadda wasu suka yi a ranar. Amma jiragen da ke bayansa shi suke bi, in ya fita daga layi a wannan daƙiƙa za su watse a tsakiyar ruwan harsashi. Ya zubar da bama-bamansa don jirgin ya yi sauƙi, ya riƙe hanya wuta na cin sa, har ya kai mutanensa kan matatar. Sannan ya yi ƙoƙarin ɗaga jirgin sama don yaransa su samu tazarar da laimar sauka za ta buɗe. Jirgin bai kai ba, ya kifo. Ba wanda ya fita da rai. An ba Baker da Jerstad lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka bayan mutuwarsu. Mutum biyar ne suka samu wannan lamba a harin, uku daga cikinsu ba su ga ranar karɓarta ba.

Jirgi sama da 50 ba su koma ba, sojoji kusan 310 suka mutu, fiye da 100 aka kama. Matatun kuwa cikin makonni aka gyara yawancinsu, mai ya ci gaba da gudu. Ni a ganina waɗanda suka tsara harin sun yi caca da rayukan samari, kuma jarumtar wanda ya mutu ba ta wanke kuskuren wanda ya aike shi.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ta fi jan hankalina.

Kowane sojan Amurka yana rataye da ƙananan faranti biyu na ƙarfe a wuya, an buga sunansa, lambarsa, rukunin jininsa da harafin addininsa. Amma jirgin da ya faɗi cike da mai yana ci da wuta ba ya barin gawa yadda za a gane ta, farantin ma yakan yi nasa wuri. Mutanen Rumaniya suka tattara abin da suka samu suka binne a wata maƙabarta ta garin Ploiesti. Bayan yaƙi, ma'aikatan sojan Amurka masu kula da kaburbura suka tono su. Waɗanda aka gane aka sanar da iyalansu. Sama da 80 ba a gane su ba, aka kai su maƙabartun Amurkawa da ke Beljiyam, aka binne kowanne a matsayin wanda Allah kaɗai ya san sunansa.

Ki lura da abin da suka yi a nan, don shi ne ginshiƙin komai. Kowace gawar da ba a gane ba an ba ta lamba, an buɗe mata fayil: inda aka same ta, wa ke kwance kusa da ita, tsayin ƙashin cinya, zanen haƙora, guntun tufa ko takalmi. A ɗaya ɓangaren kuma kowane sojan da ya ɓace yana da nasa fayil, da takardar likitan haƙori, da sunan uwarsa da adireshinta. Sunan Baker an sassaƙa shi a bangon waɗanda suka ɓace a maƙabartar Amurkawa da ke kusa da Fulorans ta Italiya. Mutanen da suka cike waɗannan takardu a shekarun 1940 ba su taɓa jin labarin gwajin ƙwayoyin halitta ba. Sun rubuta ne kawai, suka adana.

A 2015 aka haɗa ofisoshin da ke wannan aiki suka zama hukuma ɗaya a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka, ana kiranta DPAA. A 2017 ta fara tono waɗancan kaburburan na Beljiyam, tana kai ƙasusuwan ɗakin bincike a jihar Nebraska. Da farko masana ƙashi su ware na wane da na wane, tunda sau da yawa akwati ɗaya yakan ƙunshi mutum fiye da ɗaya. Su kimanta shekaru da tsayi, su gwada haƙora da takardun da aka ajiye. Sannan a yanki ɗan guntun ƙashi ko haƙori a ciro DNA, wato ƙwayar halittar da mutum ke gada daga iyaye. Akwai wani nau'insa da ke bin tsatson uwa zalla: uwa ta ba ƴaƴanta maza da mata, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Akwai kuma wanda ke bin tsatson uba, daga namiji zuwa namiji. Sai a nemo dangi, ko da jikokin ƴan'uwa ne da ba su taɓa ganin mamacin ba, a goga musu auduga a cikin kunci, a kwatanta. In ƙashi, haƙori, takarda da jini suka yi magana ɗaya, a kira iyali. Sannan a je bangon nan a manna wata ƴar alama kusa da sunan, shaidar an same shi. Har yau Amurkawa sama da 70,000 na wancan yaƙin ba a kai ga gano su ba, aikin bai ƙare ba.

Ƙanwata, kin ce wan kakarki ta wajen uwa ne, cikinsu ɗaya. Ke nan abin da uwarsu ta ba shi, shi ta ba kakarki, kakarki ta ba mahaifiyarki, mahaifiyarki ta ba ki. Da a ce ƙashinsa na gaban masu bincike, ke da kike bisa keken ɗinki a Tahoua kin isa shaida. Yayanki ma haka, ko da yake ƴaƴansa ba za su gada daga gare shi ba.

Gane mamaci ta wata alama a jikinsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A yaƙin Uhudu, sahabi Anas ɗan Nadr ya faɗi da rauni sama da tamanin, har ba wanda ya iya shaida shi sai ƴar'uwarsa, ta gane shi ta kan yatsunsa. Hukuncin tono kabari da mai da gawa wani wuri kuwa na bar wa malamai, su ke da wannan fage.

Maganar yayanki ba ta banza ba ce, ki gaishe mini da shi. A harin nan fararen hula kusan 100 suka mutu, da yawansu mata ne da ke tsare a kurkukun garin, wani jirgin da aka harbo ya faɗa kansu ya kama da wuta, ƙofofi a kulle. A cikin makon harin dai, ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Hambag na Jamus ya kashe mutum kusan 40,000. A Maris na 1945 jiragen Amurka suka ƙona Tokiyo, kusan 100,000 suka hallaka a dare ɗaya. Wanda ya san wannan bai kamata a ce masa ya yi tafi ba. Sai dai ina roƙonsa ya riƙe abu biyu tare. Man da Baker ya je ƙonawa shi ke tuƙa rundunar da ta karkashe miliyoyin mutane, rundunar da ta ɗauki baƙar fata ba a bakin komai ba. Kuma mai da ƙashin mutum ga danginsa daban, yabon bom daban. Matan kurkukun nan ma suna da haƙƙin a san sunayensu ɗaya bayan ɗaya. In akwai gyara, ta nan yake, a ƙara sunaye, ba a rage ba.

Inda na saɓa da shi gaba ɗaya shi ne cewa naku ya bi ruwa.

Wanda aka ɗeba daga ƙasar Adar a 1939 ko farkon 1940, cikin rundunar da Faransa ke kira ƴan Senegal aka zuba shi, ko da bai taɓa taka Dakar ba, don haka ake kiran duk sojan Afirka ta Yamma. Waɗanda aka haye da su teku sun shiga yaƙin Mayu da Yuni na 1940, lokacin da Jamus ta murƙushe Faransa cikin mako shida. An kashe da dama a fagen fama. Wasu bayan sun ajiye makami aka ware su daga fararen sojoji aka harbe, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Liyon a ranakun 19 da 20 ga Yuni. Akwai maƙabarta a can mai jan gini irin na ƙasashenmu, sojan Afirka 188 ke kwance a ciki, da yawansu ba suna. A 2022, shekarar da aka binne Baker, aka kafa alluna a wurin ɗauke da sunaye 25 da masu binciken tarihi suka zaƙulo daga takardu. Dubbai kuma an tsare su a sansanoni cikin Faransa, inda sanyi da tarin fuka suka ci da yawa. Wasu sun kai har gida Afirka, sojan Faransa suka buɗe musu wuta a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi kuɗinsu, abin da sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira kisan kiyashi.

Kada ki sa rai da gwajin jini. Abin da ke iya yiwuwa shi ne takarda, kuma takardun suna nan. Na taɓa riƙe littafin soja na wani dattijo cikin mazan jiya a nan Yamai. Cikin gwangwani yake ajiye shi, naɗe a leda, tare da lambar yabo da zarenta ya koɗe. Bangon ya yi laushi don tsufa. A shafin farko ga sunansa, sunan uba, ƙauye, kanto, shekarar ɗiba, da lambarsa. Sunan nan an rubuta shi iri uku a shafi uku, kowane magatakarda yadda kunnensa ya jiye masa. Lambar ce kaɗai ba ta canza ba. Dattijon ya manta abubuwa da yawa, amma da aka taɓo lambar sai ya gyara zama ya karanto ta da Faransanci ba gargada.

Saboda haka lambar za ki nema. Fara da tsofaffin gidanku tun suna da rai: sunansa na yanka da laƙabinsa, sunan mahaifinsa, garin da aka ɗebe shi, wane ne sarki ko hakimi a lokacin, da damina aka tafi da shi ko da rani. Ki ɗauki muryarsu a waya, kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Abu mafi amfani shi ne ki tambaya su wa aka ɗeba tare da shi, wa ya dawo. In kin samu gidan wanda ya dawo, ki roƙa a nuna miki littafinsa ki ɗauki hoto, domin ƴan ɗiba ɗaya sau da yawa lambobinsu na kusa da juna, kuma littafin zai nuna bataliyar da aka kai su da tashar da suka shiga jirgin ruwa. Daga nan ma'aikatar tsaron Faransa tana da rumbu a intanet mai suna Mémoire des hommes, inda aka jera sunayen waɗanda suka mutu mata a yaƙi, kowa na iya dubawa kyauta. Ki gwada rubutun sunan ta kowace fuska. Rajistar sojojin da aka ɗeba daga ƙasashen mulkin mallaka tana garin Pau, fayilolin waɗanda suka mutu ko aka kama suna garin Caen, kuma ana rubuta musu wasiƙa. Tsamin dangantakarmu da Faransa tun 2023 bai hana mutum neman labarin kakansa ba. A nan gida akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, da ofishin tsoffin sojoji.

Akwai abin da ke ci mini rai a duk lokacin da irin wannan labari ya zo. A Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoba 2017, Amurkawa huɗu suka mutu, duniya ta haddace sunayensu da hotunansu. Sojojinmu da suka faɗi a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, mu nawa ne za mu iya kiran sunan ko ɗaya? A Inates an kashe mana soja 71 a Disamba 2019, a Shinagodar 89 bayan wata guda. A jiharku, yankin Tillia, an kashe fararen hula 137 ranar 21 ga Maris 2021. Muna riƙe da adadi, iyaye mata na riƙe da sunaye, kuma iyaye mata ba za su dawwama ba. Ba sai mun jira gwamnati ko ɗakin bincike ba. Jirgin fasinja na UTA da aka tarwatsa bisa Tenere ranar 19 ga Satumba 1989 ya tafi da mutum 170. Iyalansu ne suka tashi, suka koma wurin a 2007, tare da mutanen yankin suka jera baƙaƙen duwatsu a siffar jirgi, suka kewaye da madubi 170, suka kafa fiffike ɗauke da sunan kowa. Littafi ɗaya a hannun limami ko mai gari, a rubuta suna, sunan uba da na uwa, rana da wuri, ya isa mafari.

Sadakar Juma'a da Kaka ta bari, ki ɗauka ki ci gaba, ki riƙa faɗa wa yaran da ke karɓa sunan wanda ake yi dominsa. In kin haɗa sunan mahaifinsa, garin da shekarar, ko kin dace da hoton littafin wani abokin tafiyarsa, ki aiko mini ta adireshin mujalla. Zan zauna in rubuta miki wasiƙar Pau da Faransanci, ke sai sa hannu.